Zubin ƙwan kifin amane a gaɓar Ghana

Amane, wanda masana ke kira Sardinella aurita, ƙaramin kifin teku ne mai tafiya garke-garke. Mutanen ƙabilar Ga suna ce masa kankama, Fante kuma eban. Hausawan Nima da Sabon Zango a Accra sun fi saninsa a kyafe: ana ɓare kai, a zare ƙaya, a daka a zuba a miyar ayoyo.

Lokacin zuba ƙwai

Haihuwarsa tana bin sanyin ruwa. Daga wajen Yuli zuwa Satumba, ruwan ƙasan teku mai sanyi yakan taso sama, ɗumin saman teku ya sauko ƙasa da digiri 25. Ruwan yana tahowa da abincin ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci, a nan ne akasarin matan amane ke sakin ƙwai. Akwai ƙaramin zubi kuma a tsakanin Disamba da Janairu, lokacin hunturu.

Ƙwai

Macen kan balaga da kimanin shekara guda. Tana ɗauke da dubban ƙwai, babbar mace ta fi ƙarama yawa nesa ba kusa ba, kuma kashi-kashi take sakinsu. Ƙwan na yawo a ruwa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko makamancin haka.

Tarihin kamu

Matsalar ita ce lokacin haihuwar shi ne kakar masunta. A watan Agusta, dab da bikin Homowo na mutanen Ga, kwalekwale kan dawo gaɓar Jamestown a Accra da ta garin Tema maƙil, matan unguwar Chorkor su kwana a bakin murhun banda. Wanda ya tsaga cikin kifin a wannan lokaci yakan tarar da ƙwai dam. A 1972 an yi kamun da ba a taɓa ganin irinsa ba, shekara na zagayowa kifin ya yi ɓatan dabo, wani kifi mai taurin fata da ake kira Balistes ya cika ruwan. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 amane ya fara farfaɗowa. Wasu masana sun ɗora laifin ɓacewar kifin kan yawan kamu, wasu kan canjin yanayin ruwa.

Hutun teku

Gwamnatin Ghana ta so rufe teku, wato dakatar da kamun kifi don ya samu damar haihuwa, a Agustan 2018, masunta suka ƙi, aka ɗage. An rufe daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yunin 2019, sannan watan Yuli a 2021. Har yanzu ana taƙaddama kan watan da ya dace.