Ruwan lemu, ruwan goro, ruwan manja: tambayoyi da amsoshi kan bambance launukan da suka yi kama

Me ya sa ake yawan samun saɓani tsakanin mai zane da mai ba da aiki a kan ruwan lemu?

Saboda suna ɗaya yake ɗauke da launuka da yawa. Idan mai shago ya ce a yi masa allon talla da ruwan lemu, abin da ke zuciyarsa zai iya zama launin karas, ko na cikin gwanda da ta nuna, ko na manja a cikin kwalba, alhali mai zanen yana tunanin launin lemun kwalba. Shi kansa lemun da aka ara sunansa ba shaida ba ne, domin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu bawonsa kore ne ko rawaya-rawaya, tun da sai da sanyin dare bawon lemu yake rikiɗewa sosai. Ruwan goro kuwa wani yana nufin launin da goro ke bari a haƙora, wani yana nufin abin da ya kusa ruwan ƙasa. Don haka suna yana isa a fara magana, amma ba ya isa a kammala ciniki.

To da me ake bambance su idan suna bai isa ba?

Da tambayoyi uku. Ta farko ita ce ina launin ya karkata, wajen ja ko wajen rawaya. A da'irar launuka da manhajojin zane ke amfani da ita, ja yana kan digiri 0, rawaya yana kan 60, ruwan lemu na tsakiya yana kan 30. Launin da shafukan intanet ke kira orange, mai lamba #FFA500 (irin wannan lamba tana nuna yawan ja da kore da shuɗi da ke cikin launi, kowanne daga 0 zuwa 255), yana kan digiri 39, wato ya fi jingina da rawaya. Launin amba, wato na daskararren ƙaron itace, #FFBF00, yana kan 45, kuma mutane da yawa za su kira shi ruwan ɗorawa kai tsaye. Launin kabewa, #FF7518, ya sauko wajen 24, shi kuma koral, wato launin murjani, #FF7F50, yana kan 16, inda ja ya fara rinjaye.

Tambaya ta biyu ita ce yawan ƙarfin launin, wato ko tsantsa ne ko an surka shi. Koral ya bambanta da sauran ta nan ma, domin akwai shuɗi 80 a cikinsa, wanda ya sassauta shi ya kusantar da shi ga ruwan hoda, yayin da #FFA500 ba shi da shuɗi ko ɗigo. Ta uku ita ce haske da duhu, kuma a nan ne mutane suke mamaki idan aka gaya musu cewa ruwan ƙasa ba wani abu ba ne illa ruwan lemu da aka rage wa haske. Launin da ake kira ƙonannen lemu, #CC5500, yana kan hanyar nan ne, tsakanin lemu da jar ƙasa irin ta tukunya.

Akwai wanda ake kira darkorange. Shin ya fi duhu da gaske?

Kaɗan ƙwarai, kuma sunan yana ɓatar da mutane. Lambarsa #FF8C00 ce, kuma bambancinsa da #FFA500 duka a kore yake, 140 maimakon 165. Rage koren ya tura shi zuwa digiri 33, saboda haka abin da ido ke gani ƙarin ja ne fiye da ƙarin duhu. A ganina wannan shi ne launin da yawancin mutane ke nufi idan sun ce ruwan lemu.

Me ya sa launi ɗaya yake sauya kama daga wannan wuri zuwa wancan?

Maƙwabcinsa ne yake sauya shi. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris, ya bayyana wannan a 1839 bayan an yi ta korafin cewa wasu zaruruwa ba su rinu da kyau ba, sai ya gano cewa rinin lafiya yake, launukan da ke kusa da su ne suke ruɗa ido. Mai zane zai iya gwada wannan da kansa: ya ɗora murabba'i ɗaya na #FF8C00 a kan ja, wani a kan rawaya, wani a kan shuɗi. Na kan ja zai koma kamar rawaya, na kan rawaya zai yi ja, na kan shuɗi kuwa zai yi ƙyalli har ya kusa damun ido. Tutar Nijar misali ce mai kyau, domin sashen sama da da'irar tsakiya launinsu ɗaya ne, amma da'irar, da fari ya kewaye ta ko'ina, takan fito wa ido da ɗan ƙarin duhu.

Abin da na gani a allon kwamfuta ya fito daban a takarda. Laifin maɗaba'a ne?

Sau da yawa ba laifinsu ba ne. Allo yana haɗa launi da hasken ja da kore da shuɗi, na'urar ɗab'i kuma da tawada huɗu, kuma ruwan lemu a can cakuda rawaya ne da jan tawada mai ruwan hoda. Tsantsar ruwan lemu mai ƙyalli yana cikin launukan da wannan cakuda ba ta iya kaiwa, shi ya sa yakan fito a dushe, kamar ƙura ta hau shi. Manyan kamfanoni suna kauce wa haka ta hanyar biyan kuɗin tawada ta musamman, irin Pantone Orange 021 C. Wanda bai da wannan hali, abin da ya fi masa shi ne ya nemi a buga masa samfuri ɗaya a kan ainihin takardar ko ledar da za a yi aikin, ya fita da shi waje ya duba a hasken rana, domin ƙwan lantarki mai jan haske yana ƙara wa kowane ruwan lemu armashin da ba nasa ba.

Wane rubutu ya dace a kan ruwan lemu, fari ko baƙi?

Masu zane suna son fari, amma ma'auni yana goyon bayan baƙi. Ƙa'idar WCAG, wadda ake bi domin rubutu ya karantu ga masu raunin gani, tana neman bambancin haske na 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum. Fari a kan #FFA500 bai ma cika 2 ba, baƙi kuwa ya haura 10. Ko ƙonannen lemu da fari ya tsaya ne wajen 4.3, wato ya isa ga babban kanu amma bai isa ga ƙananan haruffa ba.

Zan iya amfani da launuka biyu masu kama a cikin jadawali ɗaya?

Ana iya yi idan ɗaya ya fi ɗaya duhu a fili. A cikin Turawa kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da matsalar bambance ja da kore, kuma a wurinsa lemu da koral da kabewa suna iya haɗewa su zama abu guda. Hanyar gwaji ita ce a mayar da zanen baƙi da fari a manhaja. Idan sassan biyu suka zama toka iri ɗaya, sai a duhunta ɗaya ko a rubuta sunan kowane sashe a jikinsa.