Waiwaye: Tun Yaushe Jarumai Masu Tashi Sama Suka Fara Biyan Kuɗin Haya?

Da zarar an saki sabon fim na jaruman nan masu ƙarfin ban al'ajabi, sai tsohuwar gardama ta taso. Wannan ya ce wasan yara ne, wancan ya ce ya cika duhu da ɓacin rai. Abu biyu ake cakuɗawa a gardamar: ko duniyar fim ɗin ta yi kama da tamu, da kuma ko damuwar jarumin irin tamu ce.

Superman da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a mujallar zane a Amurka a 1938, harsashi ma ba ya huda shi, balle talauci. Sai a 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka kawo Spider-Man, maraya ɗan makaranta da ke zaune a hannun matar baffansa, aljihu babu ko sisi. Yaron yana manne wa bango kamar gizo-gizo, abin da hankali ba zai ɗauka ba, amma masu karatu sun ga kansu a jikinsa.

A silima kuwa, tambayar farko ita ce ko ido zai yarda. Fim ɗin Superman na Richard Donner a 1978 an tallata shi ne da alkawarin cewa mai kallo zai gaskata mutum na iya tashi sama. Batman and Robin na 1997 ya mayar da abin wasan kwaikwayon ban dariya, ya sha zagi, daga nan masu shirya fim suka shiga taitayinsu. X-Men na 2000 ya buɗe da sansanin 'yan Nazi a Folan a 1944, aka kuma sauya wa jaruman kaya masu launi da baƙar fata.

Christopher Nolan ne ya kai wannan salo ƙololuwa. A The Dark Knight na 2008, Gotham, birnin Batman, titunan Chicago ne, motar Batman kayan soja ce, babbar motar da ta wuntsila a titi kuwa da gaske aka wuntsilar da ita. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1, Heath Ledger, wanda ya fito a matsayin mugun fim ɗin, ya samu kyautar Oscar bayan rasuwarsa. To, a nan fa aka yi kuskuren karatu, a ganina. Kamfanoni suka ɗauka murtuke fuska ne sirrin. Man of Steel na 2013 ya rusa rabin gari, Superman ya karya wuyan abokin gabarsa Zod, masu kallo da dama suka fito suna cewa wannan ba jarumin da suka sani ba ne.

Alhali tun 2004 Sam Raimi ya nuna wata hanya a Spider-Man 2. An kori Peter Parker, wato Spider-Man, daga aikin kai abinci saboda latti, mai gidan haya na tsare shi a ƙofa yana neman kuɗinsa, ya wanke kayan jarumtarsa suka zuba a fararen tufafinsa. Mugun fim ɗin yana da hannayen ƙarfe huɗu a bayansa, babu wanda ya damu. Duk wanda ya taɓa laɓewa don mai gida ya gane yaron nan. Logan na 2017 ma a nan ya kama zukata: jarumi ya tsufa, yana tuƙin haya don sayen maganin dattijon da ƙwaƙwalwarsa ta fara juyewa.

A 2025 James Gunn ya dawo wa Superman da jan gajeren wandonsa, ya ba shi kare mai tashi sama, har ya sa shi ceton kurege ana tsakiyar faɗa. Amma fim ɗin ya buɗe ne da jarumin kwance a ƙanƙara, an lakaɗa masa duka, yana fito wa karensa ya zo ya ja shi gida.