Daga Ina Sunan Samfurin Jirgin Ruwa Yake Fitowa?

Wa ke raɗa wa samfuri suna?

Kamfanin da ya ƙera shi. Sunan da mai jirgi ya rubuta da fenti a bayan jirginsa daban yake, don Allah a daina haɗa su.

Me ya sa sunayen garuruwan bakin teku suka yi yawa?

Saboda a can aikin ya fara. Montauk, samfurin kamfanin Boston Whaler, sunan garin masunta ne a ƙarshen tsibirin Long Island. Jirgin Friendship na masu kamun lobsta ya ɗauki sunan garin Friendship a jihar Maine. Wanda na fi so shi ne Whitehall, kwale-kwalen filafili da ake dangantawa da titin Whitehall a New York. A ƙarni na 19, matuƙansa kan yi rige-rigen tarar manyan jiragen da ke shigowa tashar, wanda ya riga isa shi ke samun ciniki. Shi ya sa aka yi shi siriri, mai tafiya ɗoɗar ba ya karkacewa.

To haruffa fa, kamar J/24?

J ta Johnstone ce, mai zanen jirgin. Shi ke nan.

Lambar da ke cikin sunan ita ce tsawon jirgin?

Nan ne mutane ke asarar kuɗi, don haka a nutsu. Sau da yawa lambar tana nufin ƙafa, kamar Bertram 31 ko Catalina 22, amma kusa-kusa ne kawai. Tsawo iri uku ne: na gangar jirgin, na layin da ruwa ke taɓawa, da na gaba ɗaya, wanda ya haɗa da ƙarfen goshi, dandamalin ninkaya na baya, wani lokaci har da injin da aka ɗaga. Wani kamfanin da na farko yake sa suna, wani ya ƙara ƙafa ɗaya don jirgin ya yi kwarjini. Kamfanonin Turai kuma wasu da mita suke lissafi, sai ka ga 795 yana nuni da kusan mita 8. Ko a kamfani ɗaya salon kan canza da shekaru. Tashar ajiye jirage galibi da tsawon gaba ɗaya take yanke kuɗi, tirelar da mota ke ja don ɗaukar jirgin kuwa nauyi da faɗi take so, kuma nauyin da aka rubuta a takarda yawanci babu mai, babu kaya. Ka kawo tef, ka saki igiya mai nauyi daga ƙarshen goshi da ƙarshen baya, ka auna tsakaninsu a ƙasa. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce.

Duk suna yana da tarihin gaɓar ruwa?

A'a. Riva Aquarama na 1962, daga Sarnico a tafkin Iseo na Italiya, sunan silima mai faɗin allo ta Cinerama ya kwaikwaya. Moppie, jirgin da ya ci tseren Miami zuwa Nassau a 1960 ya haifi Bertram 31, laƙabin matar Dick Bertram, wanda ya kafa kamfanin Bertram, ne.

Mai sayarwa ya ce samfurin kaza ne, na yarda?

Haba! Sitika kowa na iya mannawa. Duba lambar shaidar gangar jirgin, tana bayansa ta hannun dama. A Amurka wajibi ce tun 1972, haruffa da lambobi 12, ukun farko na kamfani ne. In ta goge ko an taɓa ta, kada ka biya.