Bushewar fuska da ƙaiƙayi ba ƙazanta ba ce

An daɗe ana cewa mai bushewar fuska da ƙaiƙayi rashin tsabta ke damunsa, ko a wurin wani ya ɗauka. Shi ya sa ake dirje wurin da soso da sabulu mai ƙarfi.

Idan wannan ciwo egzima ne, ba a ɗaukarsa a wurin wani. Fatar ce ba ta riƙe danshi, galibi kuma gado ne. Dirza ƙara mata rauni take.

Ku gwada da kanku na sati biyu: ruwa mai ɗan ɗumi, sannan man shafawa marar turare tun fatar da sauran laima. Man sitiroyid kuwa, wato man magani mai rage ƙaiƙayi da kumburin fata, kada ya hau fuska sai likita ya ce, domin daɗewa a kansa na cinye kaurin fata.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa.