Horon Farko na Kariya ga Ma'aikatan Jirgin Ruwa

Horon farko na kariya shi ne mafi ƙarancin horon da ake buƙata daga ma'aikaci kafin a ba shi aiki a jirgin ruwan kasuwanci mai shiga teku. Tushensa na cikin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan horas da ma'aikatan jiragen ruwa da ba su takardun shaida, wadda aka fi sani da STCW, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, mai hedikwata a Landan. A rubuce, horon ya wajaba ne a kan duk wanda aka ɗora wa wani aiki na kare rai ko hana gurɓata teku. A aikace kuwa kusan kowa yana yin sa, daga kyaftin har kuku da mai goge inji, domin da wuya kamfani ya ɗauki wanda ba shi da takardar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jirgin da ke tsakiyar teku ba shi da 'yan kwana-kwana ko asibiti a kusa, mutanen da ke cikinsa su ne masu kashe gobara, su ne masu jinya, su ne masu ceto.

Tarihi

Dokokin farko na kariya a teku sun fi mayar da hankali kan jirgi da kayansa. Lokacin da jirgin Titanic ya nutse a watan Afrilun 1912, mutum sama da 1,500 suka mutu. Kwale-kwalen ceto 20 ne kacal a cikinsa, ba za su ɗauki kowa ba, amma ko waɗannan ɗin an sauke wasu ba su ko cika rabi ba, saboda ma'aikatan ba su saba da aikin sauke su ba. Wannan hatsari ne ya haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, a 1914. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana ta fara aiki yadda aka tsara, aka sake rubuta ta a 1929 da 1948 da 1960, sannan a 1974 aka amince da wadda ake aiki da ita har yau.

Duk tsawon wannan lokaci, horas da ma'aikata ya kasance sha'anin kowace ƙasa ita kaɗai. Ƙasashe masu tsohon tarihin sufurin teku irin su Ingila da Norway suna da makarantu da jarrabawa, wasu kuwa ba su da wani tsari mai ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara rikicewa, domin masu jirage sun koma yin rajista a ƙasashe irin su Laberiya da Panama, suna ɗaukar ma'aikata daga ko'ina. Sai ka ga jirgi ɗaya mai shi ɗan wata ƙasa, tutarsa ta wata ƙasa, ma'aikatansa kuma daga ƙasashe biyar ko shida. Hatsarin jirgin dakon mai Torrey Canyon a gaɓar Ingila a 1967, da na Amoco Cadiz a gaɓar Faransa a watan Maris na 1978, sun ƙara matsa wa gwamnatoci lamba. A ranar 7 ga Yulin 1978 aka amince da yarjejeniyar STCW a Landan, ta fara aiki a ranar 28 ga Afrilun 1984.

Yarjejeniyar ta farko ba ta yi ƙarfi ba. A wurare da yawa ta bar wa kowace gwamnati ta yanke abin da ya gamsar da ita, kuma babu mai bin sawu ya ga ko an cika ƙa'ida. Wasu hatsarori na jiragen fasinja ne suka tona wannan rauni. A ranar 6 ga Maris na 1987 jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofofin gabansa a buɗe, ruwa ya shiga, ya kife, mutum 193 suka rasu. A watan Afrilun 1990 gobara ta tashi a jirgin Scandinavian Star a kan hanyarsa daga Oslo zuwa Denmark, mutum 159 suka mutu, galibinsu saboda hayaƙi. Bincike ya nuna cewa da yawa daga cikin ma'aikatan sababbi ne a jirgin, ba a yi musu atisayen gobara ba, kuma ba sa jin harshen fasinjojin. A watan Satumbar 1994 kuma jirgin Estonia ya nutse a tekun Baltic, mutum 852 suka halaka.

A 1995 aka yi wa yarjejeniyar garambawul, gyaran ya fara aiki a ranar 1 ga Fabrairun 1997. A nan ne horon farko ya samu siffar da aka san shi da ita yanzu. An raba kundin ƙa'idojin gida biyu, kashi na wajibi da kashi na shawara, aka kuma zayyana abin da ɗalibi zai nuna ya iya da hannunsa, maimakon abin da ya haddace kawai. IMO ta samu ikon duba rahoton ƙasashe, kuma a shekarar 2000 ta fara fitar da jerin waɗanda suka cika ƙa'ida. Gyara na biyu mai girma an yi shi ne a Manila, babban birnin Filifin, a ranar 25 ga Yunin 2010, ya fara aiki a 2012 tare da wa'adin sauyi zuwa 2017. Ranar 25 ga Yuni ce aka mayar ranar ma'aikatan jirgin ruwa ta duniya.

Sassan horon

Horon ya kasu kashi huɗu, kuma a yawancin makarantu yana ɗaukar kimanin mako ɗaya, a wasu ƙasashe ya fi haka.

Na farko shi ne dabarun tsira a ruwa. Ɗalibi zai sa rigar ceto daidai, ya yi tsalle cikin ruwa daga wuri mai tsayi, ya yi iyo da rigar a jikinsa, ya kuma nuna zai iya zama a saman ruwa ko babu ita. Ana koya masa sa rigar hana sanyi mai rufe jiki duka, domin a tekuna masu sanyi sanyin ruwan kan kashe mutum ko da rigar ceto ta hana shi nutsewa. Abin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne juyo da kwale-kwalen roba da ya kife, da hawa cikinsa daga ruwa da jiƙaƙƙun kaya. Bayan an shiga, akwai yanke igiya a nisanci jirgin, jefa angar ruwa don rage gudun kwale-kwalen, tattalin ruwan sha, da kunna na'urorin da ke aika alama ga masu ceto ta tauraron ɗan Adam ko ta rada.

Na biyu shi ne rigakafin gobara da kashe ta. Ana fara wa da bayanin cewa wuta na buƙatar abu uku, makamashi da zafi da iska, kuma cire ɗaya ya isa ya kashe ta. Daga nan sai a bambance irin wutar da ake kashewa da ruwa, da wadda sai kumfa ko hoda ko iskar gas, tunda zuba ruwa kan wutar mai ko ta lantarki ƙara ta'adi ne. Ɗalibai kan goya tukunyar iskar numfashi su shiga ɗaki mai duhu da hayaƙi, suna lalube da hannu, su fito da wani mutum-mutumi mai nauyi a matsayin wanda ya suma. A jirgi akwai wata matsala da babu ita a tudu, wato ruwan da aka zuba don kashe wuta yana iya taruwa ya karkatar da jirgin.

Na uku taimakon gaggawa ne: farfaɗo da numfashi da bugun zuciya, tsayar da jini, kula da ƙuna, da ɗaukar wanda ya ji rauni.

Na huɗu ya shafi kare kai da zaman tare. A ciki ake koyon alamar ƙararrawar gaggawa, busa bakwai gajeru da ɗaya doguwa, da wurin da kowa zai tsaya idan an ji ta. Ana kuma gargaɗi mai tsanani kan shiga tankuna da ɗakunan da aka daɗe da rufewa, inda rashin iskar shaƙa ke kashe mutum cikin mintuna, sau da yawa har da abokin da ya bi shi don ceto. Gajiya, shan barasa da ƙwaya, da zubar da mai ko shara a teku duk suna nan. Wani gyara da ya fara aiki a farkon 2026 ya ƙara darasi kan hana cin zarafi da cin zali a cikin jirgi.

Sabuntawa da atisaye

Tun bayan gyaran Manila, duk shekara biyar sai ma'aikaci ya nuna bai manta da dabarun tsira da kashe gobara ba. Gyaran ya kuma ƙara horon sanin tsaro, har da batun 'yan fashin teku, ya tanadi hutun aƙalla awa 10 cikin awa 24 da awa 77 cikin mako. A jiragen dakon kaya, SOLAS ta wajabta wa kowane ma'aikaci atisayen gobara da na barin jirgi sau ɗaya aƙalla a wata.

A Afirka ta Yamma

A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen ruwa a teku, NIMASA, ce ke amincewa da makarantu da ba da takardun shaida. Fitacciyar makaranta ita ce ta Oron a jihar Akwa Ibom, wadda aka kafa wajen ƙarshen shekarun 1970. A Ghana akwai jami'ar sufurin teku ta yanki a Accra, wadda Ghana da Kamaru da Gambiya da Laberiya da Saliyo suka kafa. Yarjejeniyar STCW ba ta shafi kwale-kwale da jiragen da ke zirga-zirga a kogin Neja da Binuwai ko tafkin Kainji ba, duk da yawan rayukan da ake rasawa a can. Waɗannan suna ƙarƙashin hukumar hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA. Jiragen kamun kifi ma suna da tasu yarjejeniyar daban, ta 1995, wadda sai a 2012 ta fara aiki.

Suka

Ana yawan ƙorafi kan takardun bogi, da bambancin ingancin makarantu daga ƙasa zuwa ƙasa, da kuma yadda kuɗin horon kan faɗa a kan mai neman aiki. Wasu masana na ganin kwanakin sun yi kaɗan, wasu kuma na cewa atisayen cikin jirgi ne ya kamata ya cike giɓin. IMO ta fara sake nazarin yarjejeniyar gaba ɗayanta, har da batun jirage masu amfani da sababbin nau'o'in makamashi.