Tambayoyin da kuke ta yi mini kan gidan telbijin na Dounia

Ɗalibai da 'yan uwa a nan Yamai sun dame ni da tambayoyi iri ɗaya. Ga amsa, kowa ya karanta, kada a sake tare ni a fada.

Dounia ce telbijin mai zaman kanta ta farko a Nijar?

A'a. Ténéré ta riga ta, tun 2000. Dounia sai 2007.

To kafin nan me ake kallo?

Télé Sahel ta gwamnati, sai kaset ɗin bidiyo. Taron ƙasa na 1991 ne ya buɗe ƙofa. Jaridu suka fara, rediyo masu zaman kansu suka biyo, telbijin ta zo a ƙarshe don ita ta fi cin kuɗi.

Me ya ɗaga sunanta?

Tazarce. A 2009, da shugaban ƙasa Mamadou Tandja ya nemi ƙarin wa'adi, Dounia ta riƙa ba 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula baki. Hukumar sadarwa ta CSC ta rufe ta a ƙarshen watan Yuni, kotu ta ce a buɗe. Rufewar nan ta fi kowace talla yi mata aiki. Ku yara da ba ku ga lokacin ba, ku daina cewa Facebook ya koya wa 'yan Nijar gardamar siyasa.

Ina da ɗan jari, in buɗe tawa?

Wannan kam sai mun zauna, ƙanena. Izini daga hukumar sadarwa zai yiwu ka samu in takardunka sun cika, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Kyamara da ɗakin shiri sau ɗaya kake saye, albashi da haraji da man janareta kuwa kowane wata ne, kuma a bazara, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar labarai, babu mai yi maka uzuri. Sannan wa zai biya? Masu ba da babbar talla ba su da yawa, kamfanonin salula ne da bankuna da ƙungiyoyin agaji, ga sauran gidajen telbijin irin su Canal 3, Bonferey, Saraounia da Labari duk suna bin ƙofofin nan. Abin da ya saura sanarwar taro ne da kuɗin ɗaukar buki. Wataƙila ka rayu da su, wataƙila a'a, ya danganta da wanda ke bayanka. In ɗan siyasa ne, to ranar da ya faɗi ka shirya. Ban ce kada ka yi ba. Ni dai da ni ne, da rediyo zan fara, in ga ko ina iya biyan ma'aikata shekara guda ba bashi.

Dole sai da Faransanci?

Wa ya gaya maka? Labarun Hausa da na Zabarmanci su ake jira a gidaje. Kwantar da hankalinka.

Ana samun kuɗi a aikin?

Mai gidan, wani lokaci. Ɗan jarida, kada ka yi alkawarin aure da albashin.