Alamun Dabbobi a Al'adar Kirista

Tun ƙarnukan farko Kiristoci suke siffanta nagarta da mugunta da dabbobi, a wa'azi da zanen bangon coci. Akasarin alamun daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko su, sauran kuma daga wani ɗan littafin Girkanci mai suna Fisiyologus, wanda ake kyautata zaton an rubuta shi a Iskandariya ta Masar tsakanin ƙarni na 2 da na 4.

Ɗan rago alamar Yesu ne, saboda hadaya. Kurciya tana wakiltar Ruhu Mai Tsarki. Maciji shi ne mayaudarin gonar Adnin, a littafin Wahayi kuma ya zama ƙaton dodo mai kai bakwai. A Linjilar Matiyu sura 25, tumaki aka ware dama, awaki hagu.

Sai dai dabba ɗaya kan zo da fuska biyu, kuma nan ne hikimar abin take. Zaki sunan yabo ne ga Yesu, Zakin kabilar Yahuza, amma wasiƙar Bitrus ta fari ta kwatanta Iblis da zaki mai ruri yana neman wanda zai cinye. Macijin ma haka: na tagulla da Musa ya ɗaga a jeji magani ya zama ga waɗanda macizai suka sara.

A Sudan wannan al'ada tana da tsohon tushe. Masarautun Nubiya uku, Nobatiya da Makuriya da Alwa, sun karɓi Kiristanci a ƙarni na 6. Tsakanin 1961 da 1964 masana daga Poland suka tono babbar cocin garin Faras, a arewacin Sudan, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin. Cikin abin da aka samu har da sassaƙen dutse, mai yiwuwa na ƙarni na 7: tsuntsaye a jere, kowanne ya buɗe fikafikai, ya juya kai gefe, da gicciye a samansa. Wasu sun ce kurciyoyi ne, wasu gaggafa. An raba zane-zanen cocin tsakanin gidan tarihin Khartoum da na Warsaw.

Kibɗawa kuma, wato Kiristocin cocin Masar, sukan sa zaki a hotunan Markus marubucin Linjila, wanda suke ɗauka a matsayin wanda ya kafa cocinsu a Iskandariya.